Lambar Nola

Shekara goma sha tara ramin kwal na huɗu yana toshe da siminti kafin masu tallafi daga birni su tuna akwai mutane a kwarin. Ba masana'anta suka kawo ba, ba asibitin huhu ba. Tsohon ɗakin fitilun mahaƙa suka shafe da fenti, suka zuba kujeru da injin gahawa, wai 'yan yawon buɗe ido za su zo su farfaɗo da gari.

Delmer Caudill ya je bikin buɗewa ne don an ce za a raba kaza. Yana shiga ya ci karo da allon lambobin mahaƙa. Sun maido shi bango, sun rufe shi da gilashi, kowace ƙusa da lambar tagulla a rataye, an goge su har suna ƙyalli. A layi na shida ya ga ɗari uku da sha takwas, lambar matarsa Nola.

Ko yaron goye a kwarin ya san ƙa'idar. In za ka shiga rami ka rataye lambarka, in ka fito ka cire abarka da hannunka. Lamba a kan allo na nufin mai ita yana ƙarƙashin dutse. Shekara goma sha ɗaya Nola tana shiga tana fita, ba ta taɓa mantawa ba. A gadonta ta cika, ƙurar kwal ta cinye mata huhu, Delmer na riƙe da hannunta.

Ya nemo Kendra Stamper, jami'ar shirin, 'yar garin da ta yi jami'a ta dawo da takalma masu tsini.

"Baba Delmer! Ka ga yadda ya yi kyau?"

"Wa ya mayar mini da mata rami?"

"Ban gane ba."

"Na ga alama. Cire lambar can."

"Haba Baba, ado ne fa. Ƙwararru ne suka tsara, daga birni. In aka cire ɗaya layin zai yi giɓi."

"Giɓi! Ke 'yar nan, da hannuna na binne ta a bayan coci, fasto ya yi addu'a, an ci wake da burodin masara an watse. Yau kin ce mini tana ciki, ga bakin ramin an liƙe."

"Ka rubuto wa kwamiti, za mu duba."

"Wasiƙa huɗu na rubuta wa kwamitinku kan ruwan famfo. Har yau kalar shayi yake."

A waje shugaban gunduma ya fara jawabi kan sabuwar makoma. Delmer ya zaro wuƙar aljihu ya hau kwance sukurorin gilashin ɗaya bayan ɗaya.

"Zan kira ɗan sanda," in ji Kendra.

"Kira shi. Lambar ubansa na layi na biyu."

Vestal Combs, wanda suka yi aiki tare, ya gangaro yana jan tukunyar iskar numfashinsa. "Kai tsohon banza, za ka fasa wa mutane kaya. Matsa in riƙe maka gefe."

Suka sauke gilashin. Delmer ya cire lambar Nola ya jefa a aljihun ƙirji. Vestal ya cire tasa. "Ni ma dai na fito, ko da rabin huhu ne."

Magana ta kai waje. Tsofaffi suka bar shugaban da jawabinsa suka yi layi, zawarawa da 'ya'yan mamata a bayansu, kowa ya ɗauki tasa ko ta nasa. Ba wanda ya yi hayaniya, sai ƙarar tagulla. Da layin ya ƙare, saura bakwai a allon.

Kendra ta miƙa hannu. "To bari in kwashe sauran, tunda an riga an lalata."

Delmer ya buge hannun. "Kul! Waɗannan suna ciki, tun da rami ya rufta musu ba a fito da su ba. Ta uku daga hagu ta kakanki ce."