Tayar Zanzaro a Kan Rufin Kwano

Da hantsi muka isa filin tsere, rana ta riga ta buɗe, babu ko ɗigon gajimare a saman Bulawayo. Zafin Oktoba ne, irin wanda ke zuwa kafin ruwan fari. Furen jakaranda ya yi ta zubowa a bayan akori-kurar Malume Zenzo tun daga unguwarmu, har sai da na share shi daga kujerar Zanzaro kafin mu sauke ta.

Malume Zenzo ƙanen mahaifiyata ne, Malume kuwa kawu ke nan a yarenmu. Zanzaro kuwa 'yar motarsa ce ta tsere, irin wadda ake kira kat: 'yan bututun ƙarfe, kujera guda, sitiyari, da injin da bai kai tukunyar miya girma ba. In ka zauna a ciki, tsakaninka da kwalta bai wuce yatsu uku ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ya saye ta ne a hannun wani Bature da suka yi aikin jirgin ƙasa tare, kukanta kuma shi ya jawo mata sunan.

Sau ɗaya a shekara ƙungiyar masu tseren kat ke ware rana don tsofaffin motoci irinta. Bana Malume ba zai tuƙa ba. Tumbinsa ya daina shiga kujerar, ga shi ya yi ritaya, da ruwa ya sauka zai koma gida Lupane wurin shanunsa. A gaban mahaifiyata ya faɗa mini cewa ni zan tuƙa. In na kai Zanzaro ƙarshen tsere, ko da ni ne na kashin baya, ta zama tawa, ta zauna a shagona na walda. In ban kai ta ba, zai tafi da ita ƙauye kaji su riƙa ƙwai a kujerar. Cikin dariya ya faɗa, amma na san shi, abin da ya faɗa cikin dariya ma yana cikawa.

Tayoyinta na baya sun cinye har zare ya fito. 'Yarsa Thoko, da ke aikin jinya a Johannesburg, ta ji labari, ta shiga wani shago ta ce a ba ta waɗanda suka fi kowanne kyau. Direbobin da ke kawo mana saƙo daga can suka iso da su tare da buhun shinkafa da man girki. Baƙaƙe wuluk, kowace da ƙarfenta sabo fil, faɗinta ya kusa tafin hannuna biyu. Tsofaffin kuwa tafi ɗaya ne. In ka danna wa sababbin farce sai ya nutse kamar a ɗanko. Malume ya ajiye su a falo kusa da talabijin, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ni da shi muka ɗaura su, muka ja da baya muka yi ta kallo. Mu dai kyau muka gani.

Kafin a shiga tsere sai an wuce ta gaban Anti Greta. Tsohuwa ce mai malafa, tana riƙe da wani katako da marigayi mijinta ya yi wa tsaga. Tana ɗora tsagar a kan taya. Wadda ta shiga, ta zamanin motar ce. Wadda ba ta shiga ba, mai ita ya nemi inuwa ya yi kallo. Malume ya san katakon nan sarai, shekara da shekaru yana wucewa ta gabansa, amma tun a hanya yake ce mini Greta ba za ta ƙi kyautar 'ya ga ubanta ba.

Ta duƙa, ta ɗora katakon, ya zauna a saman tayar kamar hula a kan kabewa.

"Zenzo, wannan ta tarakta ce ko ta jirgin sama?"

"Kyautar Thoko ce, Anti. Yarinyar nan da kike ba alawa a nan wurin."

"Ni na san Thoko. Katakon ne bai san ta ba."

Malume ya yi ta kawo hujja. Ya ce taya taya ce, ya ce ai mai faɗi ta fi tsaro ga sabon direba. Anti Greta ta bar shi ya gama, sannan ta dube ni ta ce in zaga sau ɗaya a gwaji, a hankali, in na dawo a ƙarasa maganar.

Zanzaro ba ta da makunni, tura ta ake yi. Malume ya kama gefe ɗaya, Baba Naran ya kama ɗaya. Shi Baba Naran shagon yadi gare shi a cikin gari, siriri ne kamar sillen kara, kuma tun kafin a haife ni suke tsere da Malume suna zagin juna. Har yau shi ke tuƙa jar motarsa da kansa. Suka ɗaga bayan, suka ruga, suka sake ni. Injin ya yi tari, ya kama.

A miƙaƙƙiyar hanya na ji daɗi ƙwarai, har na fara shirya abin da zan faɗa wa Anti Greta. Sai ga kwanar farko. Da tsofaffin tayoyi, Zanzaro kan ɗan zame da bayanta ta shige kwana. Yau na murɗa sitiyari, sababbin suka manne wa kwalta suka ƙi zamewa. Motar ta yi tsalle-tsalle kamar akuyar da aka ɗaure, ƙarfenta ya yi ƙara, sannan gefe guda ya tashi sama. Na yi 'yar tafiya a kan ƙafa biyu, ina kallon sararin sama ta inda ya kamata in ga ƙasa, daga nan na sauka cikin tarin tsofaffin tayoyin da ke bakin hanya.

Ko ƙwarzane ban yi ba. Da suka ga na ɗaga hannu sai filin duka ya ɗauki dariya. Wata yarinya ma ta riga ta ɗauki hoton.

Baba Naran ya zagaya motar yana shafa bututunta ko ya tsage. Ya ce an ƙera ta ne a zamanin da taya ke da tauri da siranta, don haka da zamewa take shan kwana, in ka hana ta zamewa to ko ta kife ko ta karye. Malume ya ce tayoyin ba su da laifi, direban ne ya shiga da gudu. Amma a hankali ya faɗa, yana kallon ƙasa.

"Kai dai, ƙato, shekara nawa ina gaya maka ba girma ke cin tsere ba," in ji Baba Naran. Ya tafi motar da ya ɗauko kayansa a ciki ya yi ta birkita kwalaye, ya dawo da tayoyi biyu sirara a kan ƙarafunsu. Ba 'yan gida ɗaya ba ne, kowace ragowar wasu biyu ce da abokiyarta ta mutu. Anti Greta ta ɗora katako, duka suka shige.

Na fara murna, sai na ga Baba Naran ya zaro zare daga aljihu. Ya naɗa shi a jikin ta farko, ya ƙulla inda bakin ya haɗu. Ya naɗa a ta biyu. Ƙullin ya wuce da faɗin yatsa guda. Ta biyun ta fi ƙanƙanta.

Ni kaina na san abin da wannan ke nufi. Ƙarfe ɗaya ne ya ratsa tayoyin baya biyu, tare suke juyawa. In ɗaya ta fi girma za ta riƙa wuce 'yar'uwarta, motar ta yi ta jan ka gefe, kana kokawa da sitiyari har hannuwanka su mutu tun ba a yi rabi ba. Na zauna a kan kwalin Baba Naran. Kajin Lupane kawai nake gani.

Malume ne ya ɗauki famfon iska. Fuskarsa ta washe a karon farko tun saukata cikin tayoyi.

"Wannan kam ni na koya maka, Naran, kada ka yi musu."

Ya yi ta ba ƙaramar iska har ta yi tauri kamar dutse, ya miƙo mini, ya nuna rufin kwanon rumfar shayi. Ya ce in shanya ta a can, rana ta dafa ta, iska ta buɗa ta daga ciki. Baba Naran ya ce tsohuwar taya ce, in ta fashe ba shi da ta uku. Malume ya ce in ta fashe ai ta Naran ce ta fashe.

Na hau ta kan ganga. Kwanon ya ƙone mini gwiwa ta cikin wando. Na kwantar da tayar a tsakiya na sauko.

Tserenmu sai bayan azahar, don haka muka zauna jira. Aka kawo tuwon masara da gasasshen nama, matar Baba Naran ta buɗe kwanon samosa, kowa ya sa hannu. Amma duk wanda ya kai loma baki sai ya ɗaga kai ya dubi rufin. Labari ya zaga fili. Mutane suka riƙa zuwa suna tambayar ko tayarmu ta nuna, wani ya ce a sa mata gishiri. Duk lokacin da kwanon ya yi ƙas saboda zafi sai in zabura in dubi tayar.

Ana cikin haka wayar Malume ta yi ƙara. Ya duba, ya ga Thoko ce ke kiran bidiyo, ya cusa mini wayar a hannu ya ce zai je ya duba wani abu a mota. Ta ce in nuna mata tayoyinta a jikin Zanzaro. Na rasa ta inda zan faro, sai na kira yarinyar nan mai hoto na nuna mata shi. Ta tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a. Daga nan ta fashe da dariya har wata abokiyar aikinta ta leƙo. Ta ce mai shagon ya rantse mata babu kamarsu, ita kuma ba ta gaya masa motar ta girme shi ba.

"Gaya mata tayoyin ba su da laifi," in ji Malume daga bayan akori-kura.

"Na ji ka, Baba. Fito, ina ganin ƙafarka."

Na sauko da tayar da tsumma a hannu, aka rage iskar ta dawo daidai da ta 'yar'uwarta, aka naɗa zare. Ta buɗe, amma da saura. Malume ya ƙara mata iska, ya ce in juya ta ɗaya gefen kamar waina. Na sake hawa. A wannan karon babu mai wasa sosai, don an fara jera motoci a bakin layi. Sai da Anti Greta ta busa usur na farko sannan Malume ya ce in ɗauko. Baba Naran ya naɗa zaren da kansa. Tsakanin ƙullin da bakin zaren bai fi kaurin farce ba.

Mutum uku suka kama sifana. Ina sa hular kwano suna ɗaure kusoshi.

Tutar ta sauka, aka tura mu. Baba Naran ya samu masu tura shi matasa, ni kuwa Malume ne da wani mai sayar da lemo, don haka ni na fita a ƙarshe. Hayaƙin man zurma da ake zuba wa injinan ya cika mini hanci. A miƙaƙƙiyar hanya na ji tana ɗan jana hagu, kaɗan, irin jan da yaro ke yi wa rigarka. Na riƙe ta. Kwanar farko ta taho, na taɓa birki, na murɗa. Bayanta ya zame sumul, ta shige, ta miƙe. Na ji ina dariya ni kaɗai a cikin hular.

Ban san zagaye nawa muka yi ba, na daina ƙirgawa. Duk wucewar da zan yi sai in ga Malume a jikin shinge yana kaɗa tawul, wani lokaci har yana bina da gudu kafin tumbi ya tsayar da shi. Baba Naran ya zagayo ya wuce ni, ya ɗaga mini yatsa ɗaya daga sitiyari. Na wuce wani likitan haƙori, amma gaskiya sarƙarsa ce ta tsinke, yana tsaye a gefe. Can hannuwana suka fara nauyi, kujerar tana dukan haƙarƙarina, injin kuma yana gasa mini kafaɗa. Na riƙa yi wa Zanzaro magana ina lallashinta, ina ce mata saura kaɗan, ina gaya mata kajin ƙauye ba su da tsabta.

Da na ga Anti Greta tana kaɗa mini tuta ban ma gane an gama ba, sai da na ƙara rabin zagaye. Ni ne na ƙarshe cikin waɗanda suka kai. Baba Naran ya zo na biyu.

Na gangara gefe na kashe inji. Malume ya iso yana haki. Bai yi mini barka ba. Ya duƙa ya taɓa tayar da muka shanya, ya taɓa injin ya janye hannu, sannan ya ce, "Ba ta son ruwa, Bukhosi. Ka samo mata tamfol. Kuma kada ka ajiye ta inda tartsatsin waldarka ke kaiwa."

Na ce to, Malume.

Baba Naran ya ƙaraso, suka dasa musu nan take. Shi yana cewa tayoyinsa ne suka kai motar, Malume yana cewa ranarsa ce ta gyara tayoyin. Ni kuwa ina zaune a kujerar ina ta fama da igiyar hular kwano a ƙarƙashin haɓata, yatsuna sun sage sun ƙi kama maɓallin. Baba Naran bai ko dube ni ba. Yana cikin gaya wa Malume cewa rana ba ta gidansu ba ce, ya miƙo hannu ɗaya ya ɓalle mini shi, ya ci gaba da musunsa.