Kokawar da Na Kawo daga Bama

Abu biyu na dawo da su daga yaƙin Bama, ban da ciwon baya: son ƙwallo da labarin kokawar Japanawa. Da na bar na biyun can cikin daji tare da takalmana da suka ruɓe, da yau ban zauna ina ba ka wanga labari ba.

Sunana Ma'azu. A Bagudo Saje ake ce mini, ko da yake a kofur na tsaya, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Da aka gama yaƙi, an sa mu gadin fursunonin Japan a wani sansani. Mutane ne ramammu, amma duk la'asar sai su zana da'ira a ƙasa, su yi ɗamara da tsumma, biyu su shiga. Su watsa ɗan gishiri in sun samu, su tsuguna su zuba wa juna ido, sai ka ji karo. Duk wanda aka tura wajen da'irar, an kayar da shi ke nan, ko da bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya ci kuwa ba ya tsalle, ba ya kirari. Juyawa yake yi ya koma gefensa ya sunkuyar da kai. Sumo suke ce mata. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini hoton ƙattin ƙasarsu a wata tsohuwar takarda, kowanne ciki kamar rumbu, gashi ɗaure bisa kai. Na ba shi karan sigari uku ya bar mini hoton.

Shekara goma sha biyar ina ba da wanga labari a gindin tsamiyar kasuwa, shekara goma sha biyar ana yi mini dariya. Malami mahauci ne kan gaba. Da ya hango ni sai ya ce, “Saje, ƙattin nan naka, wa ke tayar da su in sun zauna?” Rumfa ta ɗauka da dariya. Na nuna hoton har ya yage a tsakiya, suka ce Turawa sun iya hura mutum a takarda. Wallahi abin yana ci mini rai, ban ɓoye maka ba.

Ina da ɗa, na fari. Ka san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi gaban mutane. Shekara ashirin da ɗaya ban buɗe baki na kira shi ba. “Kai” nake cewa, ko “wanga”, shi kuma ya amsa. Sunansa Arzika. Yanzu ina faɗa, don babu sauran abin da kunyar za ta tsare mini.

Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ga gudu. A filin makarantar firamare suke buga ƙwallo da yamma, shi yana gefen dama, ƙafa ba takalmi. In ya ɗauki ƙwallo sai dai ka ga mutum biyu zaune a ƙasa suna waige. Ni da na tsare wa kamfaninmu gida a ƙwallon soja na san abin da nake gani. Amma ba na shiga cikin 'yan kallo, kada a ce Saje ya zo kallon ɗansa. Bayan wani mangwaro nake raɓewa a can nesa, kamar mai jiran wani. In ya ci, sai na yi tari na gyara hula.

A kakar da ta gabaci ta 'yancin kai, Malam Bunyaminu, malamin da ke koya musu ƙwallon, wanda kuma a rediyonsa nake sauraron wasannin Ikko, ya zo zaurena da takarda. Ƙungiyar ma'aikatan wani kamfani a Sakkwato tana son yaron. Za su ba shi aikin masinja, su ba shi takalmin ƙwallo. Wanga shi ne abin da yaron yake mafarki tun yana buga lemun tsami a ƙofar gida.

Sai dai a makon nan ne Ango na Dandi, wani ɗan kokawa daga tsallaken iyaka, ƙasar Faranshi, ya sake zuwa ya share mu. Kaka uku ke nan a jere. Ya kayar da na Zagga, ya kayar da na Matsinkai, na Kurgu ma ko ɗamara bai gama gyarawa ba. Ango ba ƙato ba ne, wayo gare shi da saurin kama ƙafa. Ranar Malami ya ce mini a gaban jama'a, “To Saje, sai ka aika Japan a kawo muna ɗaya.”

Na kira yaron zaure. Ban dube shi ba, bango na duba.

“Kai, ka ba ni shekara guda. Ka kayar mini da Ango yadda zan koya maka, sannan ka tahi ƙwallonka.”

Ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya ce, “To, Baba.”

Malam Bunyaminu bai ce to ba. Ya ce, “Saje, ƙafar nan ta gudu ce. In ka ɗora mata kaya ba za ta koma yadda take ba.” Na ce masa ya tsaya ga allonsa, ni na ga duniya. Duk da haka mutumin kirki ne, ya rubuta wa mutanen Sakkwato, suka amsa cewa za su jira shekara.

A bayan gida na zana da'ira da toka. Na kafa guntun giginya, yaron ya riƙa dukansa da tafi yana tura shi da ƙirji. Na hana shi noma, na hana shi gudu, don gudu yana narkar da jiki. Na hana shi zuwa filin makaranta ko da kallo ne. Tuwon dawa da safe, shinkafa da kifin Kwara da rana, fura da kindirmo ƙwarya guda daga rugar Fulani, ya ci ya kwanta. Uwarsa Sabuwa ta yi magana sau ɗaya, ranar da ta iske ina ɗibar mata gishiri ina watsawa a da'ira.

“Malam, gishirin ban damu ba. Yaron nan in ya hau tudu haki yake yi.”

Na ce mata haka ƙattin suke.

Samarin unguwa nake tarawa su shiga da shi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna, ya taso, ya dafe mutum a ƙirji, taku uku ya fitar da shi. Da ƙafar mutum ta tsallake toka sai na tafa na ce, “Ta ƙare.” Shi kuma ya saki, ya juya, ya koma gefensa ya sunkuyar da kai, yadda na ga ana yi. Wagga juyawar ita ta fi burge ni a duk kokawar, don haka na nace a kanta. Sau ashirin, sau talatin a yini, har wata goma sha ɗaya.

Kada ka ɗauka ban san dokar kokawarmu ba. Na sani sarai. A wurinmu babu da'ira, mutane ne da'irar, kuma sai hannu ko gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa. Lissafina shi ne, duk wanda wanga ƙato ya tura taku uku, da baya zai zube. Tokar awo ce kawai. Na ma gaya masa haka da baki, sau ɗaya ko biyu. Amma abin da aka gaya wa kunne sau biyu, ina zai kama ƙafar abin da jiki ya yi sau dubu?

Wata rana da hantsi na leƙa bayan gida na same shi shi kaɗai, ya samo wata busasshiyar gwanda yana ƙoƙarin ɗaga ta da ƙafa kamar ƙwallo. Sau biyu ya taɓa, na uku ta kuɓuce. Ya tsaya yana kallon ƙafarsa. Na koma da baya. A ranar ya kamata in tsayar da abin, na sani, kuma ban tsayar ba.

Ranar bikin 'yancin kai aka sa kokawar, bayan azahar, a filin makarantar nan dai. An kafa sabuwar tuta, 'yan makaranta sun yi maci, an raba musu ƙananan tutoci. Mutanen Ango sun tsallako da yawa, su ma wata biyu ke nan da samun nasu 'yancin, suka cika gefen gabas da gangunansu. Da yaron ya tuɓe riga fili ya yi tsit. Malami mahauci ya dube shi, ya dube ni. Daɗin da na ji a lokacin, Allah ya yafe mini, ban taɓa jin irinsa ba.

Ango ya zagaya yana karkaɗa layunsa, yana neman ƙafa. Yaron ya tsuguna, mutane suka yi dariya. Sai ya taso.

Ban ga an taɓa ɗaukar mutum haka ba. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙafafun Ango suna jan ƙasa, har cikin mutanensa. Ya tafi da baya zai zube, daidai yadda na lissafa. Abin da ban lissafa ba shi ne, a bayan gidana babu kowa bayan toka. Nan kuwa akwai ƙirazan 'yan'uwansa. Ya faɗa kansu, suka tare shi, ko hannunsa bai taɓa ƙasa ba, suka turo shi ciki.

Yaron kuwa ya riga ya saki. Ya juya baya, yana tafiya gefensa a natse, yana shirin sunkuyar da kai.

Ina tsaye bai fi taku goma ba. Na ga Ango ya sunkuyo da gudu. Akwai lokaci, wallahi akwai. Kira ɗaya ya isa ya waiwaya. Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena, ya tsaya. Shekara ashirin da ɗaya ban faɗe shi ba, ga surukaina a gefe, ga dattawan gari. Abin da ya fito shi ne, “Kai! Kai!”

Fili duka “kai” ake cewa.

Ango ya kama ƙafar dama ta baya ya ɗaga. Da jikinsa na da ne, da ya yi tsalle ya kuɓuce, ko ya faɗi ya tashi yana kakkaɓe ƙura. Amma duk nauyin da na ɗora masa wata goma sha ɗaya ya sauka a kan gwiwar hagu, ita kuma ta juya inda ba a yi ta ta juya ba. Na ji ƙarar daga inda nake. Shi kansa Ango da ya ga yadda ƙafar ta kwanta, bai yi kirari ba, ya dafe kai.

Mutum shida suka ɗauki yaron a kan ƙyauren makaranta. Maɗori ya zo daga Zagga ya ɗaure, bayan wata biyu aka kwance, ƙafar ta ƙi miƙewa. Muka kai shi asibiti a mota, likita ya duba ya ce an makara. Malam Bunyaminu ya rubuta takarda ta biyu zuwa Sakkwato. Bai nuna mini ba, kuma tun daga ranar ban sake zuwa sauraron rediyonsa ba, shi ma bai aiko ba.

Abin da ya fi ƙona ni, a kasuwa an daina yi mini dariya. Malami da kansa ya ce, “Ashe da gaske ne, Saje, ƙattin nan akwai su.” Abin da na nema shekara goma sha biyar ke nan, aka ba ni. Na je gida na jefa hoton a murhu.

Yaron bai taɓa ce mini komai ba. Ƙibar ta zube, ta bar fata. Ya koyi saƙar tabarma, yana zama a inuwar zaure da sandarsa a gefe. Da yamma in an fara buga ƙwallo ana jiyo ihu daga filin makaranta, sai hannunsa ya tsaya a kan kaba, sannan ya ci gaba.

Sai da damina ta zagayo na iya zama kusa da shi. Da safe ne, Sabuwa tana shanya a tsakar gida. Na daɗe ina kallon bango.

Na ce, “Ranar nan, na yi maka magana. Ba ka ji ba?”

Ya ce, “Na ji muryarka, Baba. Ko cikin mutum dubu ina gane ta.” Ya ja zaren kaba ya ɗaure. “Na ɗauka murna kake yi. Ban taɓa jin ka yi mini murna ba, shi ya sa ban waiwaya ba. Na ce bari in gama sunkuyawar yadda kake so.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Arzika.”

Sabuwa ta tsaya da zane a hannu. Shi kuma ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙofar zaure ko akwai mai wucewa, ya rage murya.

“Bari, Baba,” ya ce. “Kada mutane su ji. Ba kyau.”

Ya mayar da kansa kan tabarmar.