Bayan Kili Ya Lotsa

Kawu bai taɓa shiga shagon nan da sallamar arziki ba, sai da tsokana. Ranar ma haka ya yi. Ya ɗaure tsohon dokinsa Kili a bakin ƙofa, ya dire sirdi a kan benci, ya ce, "Ɗan Faskare, fito ka ga bayan dokin nan."

Shekarar masassaƙin arba'in da bakwai, ga furfura a gemu, amma a bakin ƙanen mahaifiyarsa har yau Ɗan Faskare ne. Mahaifinsa, marigayi Baba, shi ya laƙaba masa sunan, wai yaron ba sassaƙa yake da gizago ba, faskare yake.

Masassaƙin ya fita ya shafa bayan dokin. Tsufa ya lotsa shi kamar tsohuwar katifa. Itacen sirdin ya daina kwanciya a tsakiya, sai gaba da baya ke cizo, har gashi ya tuje wuri huɗu.

"Sai dai a sassaƙa sabo, Kawu."

"Sabon me? Shekara ashirin ƙuguna ya san mazaunin nan. Ka ba ni sabo, ka sauke ni daga doki ke nan har abada. Rage masa ciki kawai, ka bar samansa yadda yake."

Faɗar haka ba wuya. Itacen nan shi kaɗai ya rage cikin aikin hannun Baba. Sauran sun karye ko sun bi masu su uwa duniya. In gizago ya zarce ko da faɗin farce ne, an rasa shi, Kawu kuma ya koma ɗan kallo. Masassaƙin ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Ya zauna ya zuba wa sirdin ido, sai ga shagon zamanin Baba ya dawo masa a rai. Baba yana shafa alli a bayan doki, ya ɗora itace, ya ɗaga. Duk inda ya ɗebo fari, nan zai kankare. In ya gama da doki ya koma kan mahayi, ya zaunar da shi bisa kututture ya ce ya rufe ido ya faɗi inda ke taɓa shi. Babban mutum ko ƙarami, sai ya zauna. Shi kuwa ɗan, aikinsa miƙo magagarin goge itace da share ɓawo. Ko da ya girma ya fara nasa, bai taɓa jin "ka iya" daga bakin tsohon ba. Iyakarta ya juya aikin, ya ce "hm", ya ajiye. Har ya bar duniya, shekara goma sha biyu ke nan, "hm" ɗin ce dai.

Kawu ya yi gyaran murya. "Kallonsa za ka yi har dokin ya mutu?"

Ya ɗauki wuƙa ya warware ɗinkin fatar a hankali, ya kife itacen. Sai ya tsaya cak.

A kusurwoyi huɗun nan da ke cizon Kili, itacen ya fi ƙa'ida kauri da yatsa guda. Baba kuwa ba ya barin kauri a banza. Kowace kusurwa da zane a jikinta, an ja da bakin ƙusa an cike da gawayi, daidai inda ya kamata a rage.

"Kawu, wannan fa?"

Kawu ko leƙowa bai yi ba. "Ranar da Babanka ya ba ni, cewa ya yi doki ba ya zama ɗan shekara biyar har abada. In bayansa ya lotsa, in kawo wa Ɗan Faskare. Na ce kai fa? Ya ce yaron ya fi ni hannu, amma kada ka gaya masa, kansa zai kumbura."

"Kuma ka riƙe maganar nan shekara ashirin?"

"To, ai sai bana bayan ya lotsa."

Masassaƙin ya sauko da gizagon Baba daga jikin bango, wanda tun rasuwar bai taɓa shi ba. Ya dafa itacen, ya saita bakin ƙarfen a kan zanen farko, amma bai sara ba. Zanen ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a idonsa.

"Share fuskarka tukuna," in ji Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kada ka faskara masa aiki."