Makullin Shagon Faci

Mai faci ya ajiye wa ɗansa Babangida taya a gabansa, ya koma kan benci ya zauna.

Shekara shida ke nan rabon da ya sa Babangida a ido, tun ranar da yaron ya kwashe injin iska daga shagon ya ɓace. A tsakani uwarsa ta rasu, bai zo ba. Yau ga shi da wankakkiyar riga, ƙanwar tsohon ta rako shi. Tun safe take zuba: yaro ya canza, ya daina shaye-shaye, a ba shi makullin shago tunda idon Yaya ya fara gazawa. Babangida ma ya faɗa har sau uku, kansa a ƙasa, wai ya canza.

Tsohon bai ji haushi ba, bai kuma ji daɗi ba. Kalmar dai ya sha jin ta. Direbobi kullum suna cewa a canza musu taya, sai ya cire wata ya sa wata. Bai taɓa ganin an yi wa mutum haka ba.

Babangida ya zare robar ciki da sauri, hannun bai manta ba. Ya hura mata iska, ya kara a kunne, ya gano hujin. Bahon ruwa na nan gefen ƙafarsa, ko kallonsa bai yi ba. Ya shafa gam, ya manna faci, ya danne da babban yatsa.

“Ka gani ko, Yaya? Ko kai albarka,” in ji ƙanwar.

Tsohon ya tashi, ya sake hura robar, ya tsoma ta a baho yana juyawa a hankali. Facin ya riƙe. Can ɗaya gefen, kumfa ƙanana suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Huji na biyu. Tun Babangida na shekara goma sha biyar yake gaya masa: kunne huji ɗaya yake ji, sauran sai ruwa.

Suka tsaya su uku suna kallon kumfar. Ƙanwar ta ce ai wannan ƙaramin abu ne, kowa na mantuwa.

Tsohon ya goge hannu a tsumma. Ya ce wa Babangida akwai abinci a gida, ɗakin uwarsa ma a buɗe yake, ya je ya kwanta.

“Makullin fa, Baba?”

“Ba zan ba ka ba.”