Na'urar da Aka Koya wa Magana

Shekara goma sha tara Anti tana buga takardu a ofishin nan, ba ta taɓa ganin ko harafi ɗaya ba, don makauniya ce. Manaja zai ɗauki muryarsa a kaset, ita kuma ta saƙala abin ji a kunne, yatsunta su yi ta gudu, kwamfuta na karanta mata abin da ta buga. Ba a taɓa maido mata da takarda don gyara ba.

Sai aka yi sabon manaja, ya ce kaset ya zama tsohon yayi. Ya sa aka raba wa masu bugu ƙananan na'urorin sauraren kiɗa, a riƙa zura musu memori, ɗan katin da yake naɗar muryarsa a kai. Abu sumul kamar guntun sabulu, komai nasa a rubuce yake a kan allo, in ka danna ba ya ko tari. Anti ta koma sai ta roƙi maƙwabciyar teburinta ta nemo mata wasiƙa a cikin na'urar. Sati uku ana haka, aka fara raɗe-raɗin za a mayar da ita bakin ƙofa ta riƙa yi wa baƙi sannu da zuwa. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai.

Ranar Asabar ta ɗauki na'urar ta dira shagon ƙanenta, Auta, mai gyaran waya, magidanci har da furfura amma har gobe tsoronta yake ji. Ta gaya masa ta ji a ƙungiyarsu ta makafi cewa wasu masu sa-kai sun rubuta manhaja kyauta, in an ɗora ta a kan irin wannan na'ura sai ta riƙa faɗin duk inda ka danna. Auta ya fara kame-kame, wai abin zai iya mutuwa ɗungurungum, wai kayan ofis ne. Ta ce a wurinta ai dama matacce ne, ya ɗora kawai.

Ya yi awa guda yana fama, sannan ya miƙa mata yana washe baki, ya ce an gama, ya gwada komai lafiya lau. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, shiru.

“Da me ka gwada, Auta?”

Ya ce da idonsa mana, ga rubutu nan tsaf a allo.

Ta lalubi teburinsa, tsakanin matattun batura da ƙarfen narka dalma, ta ciro baƙin salatif, ta liƙe allon ruf. Ta tura masa ta ce to bismilla, ya nemo mata waƙa ta uku. Bawan Allah ya danna nan, ya danna can, gumi na tsatstsafo masa. Sai a lokacin ya gane ya ɗora manhajar bai haɗa da ɓangaren muryar ba, don shi bai taɓa bukatar ta ba. Kunya ta kama shi. Ya ce, “Yi haƙuri, Yaya,” ya koma kan kwamfuta. Da ya gama, bai yarda ya ɓare salatif ɗin ba sai da na'urar ta buɗe baki, da wata murya kamar ta mai mura, ta karanto masa jerin abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Anti ta yini ranar Lahadi tana dannawa har ta haddace hanya.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Memorin manaja na cikin tire, inda ake ajiye wa maƙwabciyarta tunda an san ita ba ta iya taɓa shi. Ta zura. Na'ura ta ce wasiƙu huɗu ne. Ta buga uku. Ta huɗun kuwa sunanta ta ji a bakin manaja: an sauya mata wurin aiki, saboda ba ta iya sarrafa kayan aiki sai da taimakon wani.

Ta sha ruwa, ta mayar da muryar farko, ta buga wasiƙar daidai yadda ya faɗa, ba ta rage ko waƙafi ba.

Ƙarfe tara ta ƙwanƙwasa ƙofarsa, ta jera masa takardu huɗu a kan tebur. Ta ji yana juya su, ta ji inda ya tsaya cak. Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, wa ya nemo mata su.

“Ni na nema, ni na buga, ranka ya daɗe. Ka duba ko akwai kuskure. In babu, ga biro, sai ka sa hannu a kan cewa ban iya ba.”

Ta miƙa masa biron, ta tsaya tana jira. Bai karɓa ba.