Takardar da Aka Ɗinke

Tela bai iya karanta rubutun ƙasar nan ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara tara da zuwansu, abin da bakinsa ya kama bai wuce gaisuwa da "dawo gobe" ba. Sauran duk aikin 'yarsa ne, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita ce bakinsa a asibiti, ita ce kunnensa wurin mai gidan haya. Takardun da ake zurowa ta ƙarƙashin ƙofar shago ma ita ke raba su: masu muhimmanci cikin jakar fata, na banza cikin kwandon da ke gindin keken ɗinki. Daga kwandon yake ɗaukar takarda ya fitar da samfurin wuya ko aljihu, don mutum ne da ko guntun zare ba ya iya zubarwa.

Ranar Alhamis da hantsi wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙasarsu, ta zo gwajin riga. Tana jira ta ɗauki samfurin wuyan da ke kan tebur tana juyawa. Can sai ta gyara tsayuwa.

"Baba Tela, ina ka samo wannan takardar?"

"A kwando mana. Ta talla ce."

"Wa ya ce maka ta talla ce? Sunan 'yarka ne a nan. Wata makarantar kimiyya ta kwana ce ta ɗauke ta, a wani gari, cikin guraben da aka ware wa 'ya'yan baƙi. Sai uba ya sa hannu an mayar ofishin makarantarsu." Ta kara takardar kusa da ido. "Yau ce ranar ƙarshe, ƙarfe huɗu."

Tela ya dubi agogo, ya dubi almakashin da ke hannunsa. Na mahaifinsa ne, shi kaɗai ya tsallako da shi daga gida, kuma da shi ya yanka takardar shekaranjiya yana 'yar waƙarsa. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

Ya kife kwandon a ƙasa. Ma'aikaciyar ta taya shi tsinta har lokacin aikinta ya yi, ta nuna masa yadda guntaye uku suke haɗuwa, ta ce saura na ƙasa, inda ake sa hannu. Bayan fitarta ya ɗaga keke, ya zazzage aljihun tebur, ya leƙa bayan dutsen guga sau uku kamar takarda na da ƙafa. Ya zauna, ya miƙe. Wani ya zo karɓar wando, ya ce masa "dawo gobe" alhali wandon na rataye a gabansu. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya ga guntun maƙale da fil a jikin wani yadi, ya zama samfurin aljihu.

A haka Uwata ta shigo da jakar makaranta a kafaɗa. Ta ga takardun jere a tebur, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Uwata, wannan ce ta tallar?"

Ta sunkuyar da kai. Ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa.

"Baba, in na tafi wa zai yi maka magana? Ranar da mai gidan haya ya zo da takardar tashi, da ba na nan da ka ce masa to."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Tun tana 'yar shekara bakwai yake jan ta ofis-ofis, yana alfahari wai 'yarsa ta iya yaren mutane. Bai taɓa tunanin kaya ya ɗora mata ba.

"Kakanki almakashi ya ba ni don shi ke gare shi," in ji shi. "Ni ban kwaso ku muka baro kowa namu don ki gaji bakin ƙofar shago ba."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle mara kauri, ya jera guntayen a kai baki da baki, ya buɗa tazarar ɗinki don kada allura ta keta takardar. Ya taka keke a hankali, shi da ko rigar amarya ba ya yi wa wannan lallami. Da ya gama ta nuna masa layin, ya rubuta sunansa da rubutun da ya koya a gida. Ƙarfe uku saura kwata.

Uwata ta saɓa jakarta za ta bi shi kamar kullum.

"Zauna ki tsare shago. Gaya mini dai abin da zan ce musu."

Ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba. Ta faɗa masa da yaren ƙasar: ni ne mahaifinta, na yarda ta tafi. Ya maimaita, ya kwaɓa. Ta yi dariya hawaye na zubo mata, ta sake faɗa a hankali, ya sake bi, har sau biyar.

Ya naɗe takardar cikin aljihun gaba ya fita. Ta tsaya a ƙofa tana kallonsa ya nufi tashar bas da sauri, hannu ɗaya dafe da aljihu, bakinsa na motsi, yana ta nanata wa kansa cewa ya yarda ta tafi.