Abin da Aka Tarar a Tsakiyar Ciyawa

Asabar ta huɗu ke nan Tela tana rufe shagonta ta bi 'yan sa-kai zuwa bakin kogi. Ciyawar da suke yaƙi da ita baƙuwa ce. Wani ne ya kawo ta don shinge shekarun baya, ta tsallake shingen ta mamaye gaɓa, ta shaƙe duk tsiron da ta tarar. Tsayinta ya wuce na mutum. Sara kaɗai ba ya kashe ta, sai an bi saiwar da diga an zuba a buhu, don ko gutsure ya faɗa ruwa, gaba zai je ya tsira.

"Wannan ai ƙanin mijina ne," in ji Mai Kanti, maƙwabciyarta, tana jan wata saiwa. "Kwana biyu ya ce zai yi, ga mu a shekara ta tara."

Tela na cikin dariya addarta ta wuce fayau, ba ta sari komai ba. Ta buɗa ganyen ta leƙa. Fili ne a tsakiyar ciyawar, kamar ɗaki, an share shi tas. Ga katako a kan bulo biyu, ga jaridu an zagaye tallan neman ma'aikata da biro. A reshe an rataye rigar aiki mai ruwan toka, a ƙasa kuma kular abinci.

Nan take ta gane kular. Ita ta naɗe hannun kular nan da ragowar yadi, ita ta cika ta da safen nan ta miƙa wa mijinta, da ya ce akwai aikin Asabar a maɗaba'a. Ta taɓa, da sauran ɗumi. Ashe muryoyinsu ya ji ya tsere.

Kafin kowa ya iso ta cusa rigar da kular a buhunta, ta danne da saiwa.

"Lallai, wani ya yi falo a nan!" in ji Mai Kanti.

Malamin gona, jagoransu, ya leƙo ya yi tsaki. "'Yan shaye-shaye ne. A kwashe."

Tela ta ɗauki diga ta yi ta haƙa har tafinta ya yi bororo ya fashe. Kafin rana ta karkata wurin ya zama fili fetal, daga kan gada ma ana hango shi.

Ƙarfe shida mijin ya shigo, kamar kullum. Ya ga kular a kan tebur, rigar a ninke gefenta. Ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Tun yaushe, Baban yara?"

"Wata biyar. Sun sayo sabon inji, suka sallami sashenmu."

"Wata biyar ina tashi ina dafa maka, kana zuwa ka ci a cikin ciyawa?"

"Da safe nakan zaga nema. In rana ta take, ina zan nufa? Kasuwa, a gan ni? Gida, ki gan ni?"

Ta so ta yi faɗa, amma da ta dubi yadda wuyansa ya zurma, sai ta fasa. Kullum tare suke kwana, ba ta lura ba.

Ya zauna a bakin kujera. "Kun share duka?"

"Duka."

"To Litinin fa, ina zan nufa?"

"Akwai kujera a shagona."

"Mutane za su tambaya."

"Za su tambaya," ta ce.

Daga waje suka ji yaran sun dawo, suna gardamar wanda zai fara gaishe da Baba. Ya yi sauri ya ɗauki rigar ya saka.